BABI NA UKU: TARIHIN JIRAN SABUWAR WAƘA A YANKIN ZUGU, DAGA FADA ZUWA WAYAR HANNU

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan tarihin yankin Zugu da rabe-raben makaɗan da ake samu a cikinsa. A wannan babi kuwa, za a dubi tsawon lokacin da makaɗi kan ɗauka tsakanin wata waƙa da wata, da kuma halin da masu sauraro kan shiga a lokacin da suke jiran sabuwa. Za a fara da bayyana ma'anar kalmomin da aka yi amfani da su, sannan a waiwayi yadda lamarin yake ga ƙungiyoyin kiɗan rok na Ingila da Amurka, domin a can ne aka fi ƙididdige irin wannan tazara. Daga nan sai a bi zamunna huɗu da waƙa ta ratsa kafin ta isa kunnen mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum, wato zamanin fada, da na garmaho da rediyo, da na kaset, da kuma na wayar hannu. Manufar babin ita ce a nuna cewa tsawon jira ya danganta ne ga wanda yake ɗaukar nauyin makaɗi da kuma hanyar da waƙa take bi ta isa ga jama'a.

3.1 Ma'anar Tazara da Jira

A wannan aiki, idan an ce tazara ana nufin lokacin da ya shige tsakanin fitar wani aiki na makaɗi da fitar wanda ya biyo bayansa. Jira kuwa shi ne ɗokin da masu sauraro suke yi a cikin wannan lokaci. Ana iya auna tazara da watanni ko shekaru, matuƙar dai an san ranar da kowane aiki ya fito. Shi kuwa jira ana gane shi ne ta hanyar abin da mutane suke yi, kamar yawan tambayar mai sayar da kaset, ko aika wasiƙa gidan rediyo, ko yin tattaki zuwa garin da aka ji makaɗi zai sauka.

Akwai kuma buƙatar a bambanta waƙa da faifai. Waƙa aiki ɗaya ce mai gindinta da ɗiyanta, kamar yadda Sa'idu Muhammad Gusau ya bayyana a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na shekarar 1993. Faifai kuwa, ko kundi, tarin waƙoƙi ne da aka ɗauka aka haɗa wuri ɗaya, aka ba shi suna, aka fitar da shi kasuwa a rana ɗaya. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, domin makaɗin Hausa na gargajiya waƙa yake yi, kasuwa ce ta zo daga baya ta mayar da waƙoƙinsa faifai.

3.2 Tazara Tsakanin Faya-fayai a Ingila da Amurka

Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku a kowane gefe. A shekarar 1948 ne kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai ɗaukar fiye da minti ashirin a kowane gefe. Wannan ne ya ba makaɗa damar tara waƙoƙi goma ko fiye a wuri ɗaya, har faifai ya zama ma'aunin da ake auna ƙwazon ƙungiyar kiɗa da shi.

A shekarun 1960 tazarar gajeriya ce. Alal misali, ƙungiyar Beatles ta Ingila ta fitar da faifai biyu a 1963, biyu a 1964, biyu kuma a 1965. Kamfanoni a lokacin suna ganin cewa idan ƙungiya ta yi shiru na shekara ɗaya, to, matasa za su manta da ita. Daga ƙarshen shekarun 1970 sai abin ya fara sauyawa. Ƙungiyar Boston ta Amurka ta fitar da faifanta na biyu a 1978, amma na uku bai fito ba sai a 1986, ana tsakiyar doguwar shari'a tsakanin jagoranta Tom Scholz da kamfanin CBS wanda ya gaji da jira. Ƙungiyar Guns N' Roses ta yi shekara goma sha biyar tsakanin faifanta na 1993 da Chinese Democracy na 2008, kuma kafin ya fito kusan dukan waɗanda aka kafa ƙungiyar da su sun fice, in ban da mawaƙinta Axl Rose. Ƙungiyar Tool ta yi shekara goma sha uku tsakanin 2006 da 2019, Eagles kuwa shekara ashirin da takwas tsakanin 1979 da 2007.

Idan aka dubi waɗannan misalai za a ga dalilai huɗu suna maimaita kansu. Na farko, na'urorin ɗaukar sauti sun bunƙasa, har makaɗi yana iya shafe shekaru yana gyara waƙa ɗaya. Na biyu, saɓani tsakanin 'yan ƙungiya. Na uku, rigima da kamfani a kan yarjejeniya da kuɗi. Na huɗu, tun daga shekarar 1999 da aka fara musayar waƙoƙi kyauta a intanet, cinikin faifai ya yi ƙasa, makaɗa suka koma dogaro ga yawon wasa, inda tsofaffin waƙoƙi suka ishe su cika fili. Duk da haka masoya ba su cika watsewa ba, domin faifan Tool na 2019 ya hau matsayi na ɗaya a jerin cinikin faya-fayai na Amurka a makon da ya fito.

Abin lura a nan shi ne, dukan waɗannan alƙaluma sun samu ne saboda kowane faifai yana ɗauke da shekarar da aka buga shi. Wannan shi ne abin da ya yi ƙaranci a tarihin waƙar Hausa, kamar yadda za a gani nan gaba.

3.3 Zamanin Fada da Zagayowar Shekara

Yankin da ake magana a kansa yana yammacin Jihar Zamfara, kuma Gulbin Zamfara ya ratsa shi. Anka ita ce mazaunin sarakunan Zamfara tun farkon ƙarni na 19, bayan Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari sun ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, gidan sarautar ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan. Garba Nadama ya yi cikakken bayani a kan wannan tarihi a kundin digirinsa na uku na shekarar 1977. Haka kuma, wani Bajamushe mai suna Kurt Krieger ya zauna a Anka a shekarun 1950, ya wallafa tarihin Zamfara a 1959, daga baya kuma ya yi rubutu a kan kayan kiɗan Hausawa a 1968. A Gummi akwai sarautar Sarkin Mafara, a Bukkuyum kuma ta Sarkin Danko. Kowace fada daga cikin waɗannan, kamar sauran fadojin ƙasar Hausa, ba ta rasa makaɗa da maroƙa.

A tsarin fada, uban gida ne yake ɗaukar nauyin makaɗi. Shi yake ba shi gida da gona da doki da sutura, shi kuma makaɗi ya riƙa wasa shi, yana zuga shi, yana yi wa abokan hamayyarsa habaici da zambo. Misalan da suka fi shahara a ƙasar Zamfara da maƙwabtanta su ne Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, da Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na III, da gidan su Abdu Kurna da ƙanensa Musa Ɗanƙwairo da ke ƙarƙashin Sarkin Ƙayan Maradun, da kuma Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo.

A irin wannan tsari, lokacin fitar sabuwar waƙa sananne ne ga kowa. Akwai ƙaramar salla da babbar salla, inda makaɗi ya san dole ya zo da abin da zai faranta wa uban gidansa rai. Akwai naɗin sarauta, da auren 'ya'yan sarki, da zuwan babban baƙo, da dawowar sarki daga tafiya. Tsakanin ƙaramar salla da babba akwai kimanin kwana saba'in, daga babbar salla zuwa ƙaramar da ke tafe kuma akwai abin da ya haura wata tara. Saboda haka mutumin gari ya san iyakar jiransa, kuma da wuya shekara ta zagayo bai ji wani sabon abu a ƙofar fada ba.

Ga talakawan karkara kuwa, yanayin shekara ne yake tsara kiɗa. Da damina ana jin gangar noma a wurin gayya. Da kaka, idan an kai amfanin gona gida, hannun manomi ya buɗe, sai a shiga lokacin dambe da kokawa da bukukuwan aure. A lokacin ne makaɗan maza irin su Muhammadu Bawa Ɗan'anace suke yawo gari-gari tare da 'yan dambe. Da bazara, idan rumbu ya fara sauka kuma matasa sun tafi cin rani, sai kiɗa ya yi sauƙi. Ke nan, wata biyar ko shida na shiru ba abin mamaki ba ne ga mutumin ƙauye, domin ya san dalilinsa kuma ya san ranar ƙarewarsa.

Wani abin da ya kamata a lura da shi shi ne, sabuwar waƙa a wannan zamani ba lalle ba ne ta zama sabuwa fil. Makaɗin fada yakan riƙe gindin waƙa ɗaya shekara da shekaru, yana ƙara mata sababbin ɗiya gwargwadon abin da ya faru a gari. Idan wani ɗan sarki ya nemi sarauta ya rasa, ko wani bafade ya yi rowa, to, a salla mai zuwa za a ji shi a cikin tsohuwar waƙa. Saboda haka abin da jama'a suke jira sau da yawa shi ne su ji wa aka saka, wa aka cire, wa kuma aka yi wa zambo. Waƙar takan ci gaba da girma muddin makaɗin da uban gidansa suna raye.

Haka kuma, ƙungiyar kiɗan fada ba ta watsewa irin yadda ƙungiyar rok take watsewa, domin gado ne yake riƙe da ita. Akwai muƙamin Daudun Kiɗa, wanda yake matsayin mai jiran gado, kuma Musa Ɗanƙwairo ya riƙe shi a ƙarƙashin wansa Kurna kafin ya kafa tasa ƙungiyar. Abin da yakan kawo dogon shiru a wannan tsari shi ne mutuwar uban gida, ko tuɓe shi, ko kuma saɓani tsakaninsa da makaɗinsa.

3.4 Zamanin Garmaho da Rediyo

Garmaho ya shigo ƙasar Hausa a zamanin mulkin mallaka, amma bai wuce gidajen sarakuna da attajirai da manyan ma'aikatan En'e ba. Tasirinsa a kan waƙa shi ne ya tilasta wa makaɗi taƙaitawa. Waƙar da ake kwashe rabin sa'a ana yi a ƙofar fada, dole a matse ta cikin minti uku. Bayan haka kuma, duk abin da aka ɗauka ya tsaya ke nan, ba a ƙara masa ɗa ko ɗaya. A nan ne mai sauraro ya fara sanin bambanci tsakanin tsohuwar waƙa da sabuwa a ma'anar da ake nufi a yau. Kamfanoni irin su EMI da Tabansi sun buga faya-fayan makaɗan Hausa, musamman waɗanda suke kusa da manyan birane, kamar Mamman Shata Katsina da Ɗanmaraya Jos.

Abin da ya fi garmaho tasiri a yankin Zugu shi ne rediyo. A shekarar 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda muryarsa take kaiwa ko'ina a Arewa. Ƙaramar rediyo mai aiki da batir kuma ta sa mutumin Gummi yana iya sauraron makaɗin Isa ko na Katsina ba tare da ya taka ko'ina ba. Bayan ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma a 1967 da Jihar Sakkwato a 1976, sai Sakkwato ta zama wata cibiyar ɗaukar makaɗa, ta hanyar gidan Rediyon Rima da gidan talabijin na garin.

Wannan ya kawo sabon salon jira. Da farko dai, makaɗi yana iya yin waƙa a fada yau, amma ba za ta isa rediyo ba sai ranar da ma'aikata suka gayyace shi ko suka je suka ɗauko shi. Ke nan an sami tazara biyu, ta makaɗi da ta gidan rediyo. Na biyu, shirye-shiryen zaɓi-sonka sun ba mai sauraro bakin magana. Yakan sayi kati ya rubuta sunansa da na 'yan uwa da abokan arziki, ya aika, ya zauna yana jiran ranar da za a karanta. Na uku, siyasa da gwamnati sun shigo cikin masu tsara lokacin waƙa. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya jawo Musa Ɗanƙwairo a jiki a zamanin Jam'iyyar NPC, kuma kashe shi da aka yi ranar 15 ga Janairu 1966 ya yanke wannan babi na rayuwar makaɗin. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, da canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, duk sun haifar da waƙoƙin wayar da kai waɗanda aka yi su don biyan buƙatar lokacin.

A daidai wannan zamani ne kuma ƙarfin fada ya fara raguwa. Gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, sannan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da mafi yawan ikon da ya rage musu. Da samun sarakuna ya ragu, sai makaɗa da yawa suka fara fita suna yi wa attajirai da 'yan siyasa da manyan ma'aikata waƙa. Hausawa sun ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Makaɗin da yake da iyayen gida goma ya fi mai uban gida ɗaya yawan sababbin waƙoƙi, sai dai kuma zuwansa ƙofar fada ɗaya ya ragu.

3.5 Zamanin Kaset

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a shekarar 1963, amma bai bazu a karkarar Arewa ba sai a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka sa rediyo mai kaset ta shiga gidaje da yawa. Kaset ya fi faifan garmaho ta fuska uku. Yana da araha, yana ɗaukar sa'a ɗaya ko sa'a ɗaya da rabi, sannan duk mai rikoda yana iya ɗauka ko ya kwafa.

Kano ce ta zama babbar cibiyar kwafar kaset, musamman kasuwar Ƙofar Wambai. Daga can kaya suke sauka Gusau da Sakkwato, sannan ƙananan 'yan kasuwa su ɗauko su bi hanyar Mayanci zuwa Anka, su wuce Nasarawar Burkullu da Daki Takwas har Gummi, suna bin kasuwannin mako. Mai kaset yakan kafa teburinsa ya ƙure sautin lasifika, kuma da jin abin da ya saka mutane suke gane cewa sabon abu ya iso. Direbobin motocin haya su ma sun taka rawa, domin sau da yawa a cikin mota fasinja yake fara jin waƙa kafin ya neme ta a kasuwa. Ta haka jira ya koma na mako-mako, daga ranar kasuwa zuwa ranar kasuwa.

Sai dai kuma kaset ya zo da nasa matsaloli. Mafi yawan kaset na makaɗan gargajiya ba a situdiyo aka ɗauke su ba. Wani a wurin biki aka ɗauka, wani daga rediyo aka kwafa, wani kuma mai shago ne ya tsinto waƙoƙi daga wurare dabam-dabam ya haɗa. Ba a rubuta shekara, ba a rubuta wurin ɗauka, wani lokaci ko sunan waƙa babu. Saboda haka abin da ya iso kasuwa a matsayin sabo yana iya kasancewa an yi shi shekara goma da suka wuce. Makaɗin kuma ba ya samun komai daga cinikin kwafin. Ribarsa ita ce sunansa ya ƙara nisa, a gayyace shi biki, a yi masa kari. Wannan ya sa babu abin da yake matsa masa ya fitar da kaset a kan lokaci, saɓanin ɗan ƙungiyar rok da kamfani yake bi da takardar yarjejeniya.

A wannan zamani ne kuma manyan makaɗa suka yi ta rasuwa. Salihu Jankiɗi ya rasu a 1973, Sa'idu Faru a 1987, Musa Ɗanƙwairo a 1991, Mamman Shata a 1999. Duk da haka masu kaset sun ci gaba da fito da waƙoƙinsu da ba a saba ji ba, waɗanda aka tono daga ma'ajiyar gidajen rediyo ko daga hannun masu sha'awa. Ke nan an sami wani irin jira da ba a san shi a da ba, wato jiran sabuwar waƙa daga makaɗin da ya riga ya kwanta dama.

3.6 Zamanin Situdiyo da Wayar Hannu

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, kuma a watan Oktoba na 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau. An rufe gidajen giya da na sinima, kuma wuraren kiɗan dare da maza da mata suke cakuɗa sun ragu. A daidai wannan lokaci ne kiɗan fiyano na finafinan Hausa yake tashe a Kano, musamman bayan fitar fim ɗin Sangaya. Mawaƙin situdiyo ba ya buƙatar 'yan amshi goma da makaɗa biyar. Shi da mai fiyano da mai kwamfuta sun isa su gama waƙa a yini ɗaya.

Daga nan ne aka fara samun kundi a ma'anarsa ta Turai a cikin waƙar Hausa. Mawaƙa irin su Aminu Ala da Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef sun riƙa tara waƙoƙi su ba su suna ɗaya, a buga a faifan sidi, a yi talla kafin ranar fita. An fi auna lokacin salla ko shigowar sabuwar shekara, wanda ya nuna cewa tsohon tsarin zagayowar shekara bai mutu ba. Matasa kuma suka fara ƙidaya wa mawaƙi watannin da ya yi bai fitar da komai ba.

Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a shekarar 2001, kuma cikin 'yan shekaru wayoyi masu ɗaukar katin ajiya suka cika kasuwa. Sai masu tura waƙa suka maye gurbin masu kaset. Mutum ɗaya ya sauko da waƙa daga intanet, ya zuba a kwamfutarsa, ya riƙa tura wa jama'a a kan kuɗi kaɗan, su kuma su tura wa juna kyauta. Wannan ya karya cinikin sidi, ya mayar da mawaƙa ga bukukuwa da 'yan siyasa da shafin YouTube. Da yawansu sun bar tara kundi, sun koma sakin waƙa ɗaya-ɗaya don kada a manta da su.

Akwai misali ɗaya da ya haɗa wannan zamani da kiɗan rok. Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a shekarar 2008, da irin na'urar gyaran murya da mawaƙan Hausa suke amfani da ita. Waƙoƙin sun bazu daga waya zuwa waya a ƙasashen Sahel, amma ba a buga kundin a faifai ba sai a 2014, ta hannun kamfanin Sahel Sounds na Amurka. Ga mai sayen faifai a Turai, kundin sabo ne a 2014, alhali kuwa mai wayar hannu a Nijar ya shekara shida yana sauraron sa. Bayan ya shiga hannun kamfanonin waje, sai ayyukansa suka bi tsarin kasuwar can, inda ya fitar da kundi a 2019 da 2021 da 2024.

3.7 Rashin Tsaro da Tsawaitar Jira

Tun daga wajen shekarar 2011 hare-haren 'yan bindiga suka addabi Jihar Zamfara, kuma yankin Zugu yana cikin wuraren da abin ya fi shafa. Hare-haren watan Janairu na 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun hallaka mutane masu yawa, sun kuma raba dubbai da gidajensu. A shekarar 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a faɗin jihar na tsawon makonni, a ƙoƙarin toshe wa maharan hanya. A wannan lokaci hanyoyi biyu da waƙa take bi, wato kasuwa da waya, duk sun tsaya a lokaci ɗaya.

Wanda abin ya fi cutarwa shi ne makaɗin karkara. Mawaƙin situdiyo yana birni, da zarar layi ya dawo waƙarsa za ta iso. Amma makaɗin noma yana buƙatar gayya, makaɗin dambe yana buƙatar fili da taron dare, makaɗin biki yana buƙatar hanya mai lafiya. Inda manomi ba ya iya zuwa gonarsa, babu gayyar da za a kira, kuma inda kaka ba ta yi kyau ba, babu mai abin yin kari. Bugu da ƙari, yaro yana koyon kiɗa ne ta hanyar bin mahaifinsa wurin wasa yana amshi. Idan aka shekara goma ba a fita wasa ba, to, akwai tsarar yara guda da ta tashi ba ta koya ba. Faifan da ƙungiyar rok ta jinkirta yana nan a ajiye a situdiyo har ranar da za a gama shi, amma waƙar da take cikin kan makaɗi kaɗai tana tafiya tare da shi.

3.8 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a iya fitar da abubuwa uku. Na farko, a kowane zamani wanda yake biyan makaɗi shi yake tsara lokacin waƙarsa, ko sarki ne, ko manomi da kaka, ko gwamnati, ko kamfani, ko ɗan siyasa. Na biyu, ci gaban na'ura ya tsawaita tazara ga manyan ƙungiyoyin rok, amma a ƙasar Hausa ya gajarta ta, daga jiran salla zuwa jiran ranar kasuwa, har zuwa jiran 'yan sa'o'i a waya. Na uku, wannan gajartawa ta amfani mawaƙin birni ne, shi kuwa makaɗin ƙauye a yankin Zugu rashin tsaro ya sa shirunsa ya fi na kowane lokaci tsawo.

Saboda haka, akwai aiki a gaban manazarta da gidajen rediyo da masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum. Ya kamata a ɗauki makaɗan da suka rage, ciki har da waɗanda suka yi gudun hijira zuwa manyan garuruwa, a rubuta rana da wuri da dalilin kowace waƙa. Tsofaffin kaset kuma a bi su a ƙiyasta shekarunsu ta hanyar sunayen masu sarauta da abubuwan tarihi da aka ambata a cikinsu. A babi na gaba za a yi nazarin jigogin waƙoƙin noma da na dambe na wannan yanki.